Boyi na Fati

Ni ne Yari dillali, na karar shanu ta Illela. Duk wanda ya taɓa sayen sa ko saniya ranar Lahadi tsakanin nan da Ƙwanni ya san ni, in ko bai san ni ba, akuya ya saya. Ban shiga aji ba, ban san biro ba sai dangwale da babban yatsa, amma abin da ke cikin kaina tirela ba ta ɗauke shi. Yunwar shekarar da shanu sunka ƙare ta same ni, ta bar ni tsaye. Amai da gudawa ya kwashe mutum tara a layinmu, ya tsallake ɗakina. Kwalekwale ya kife da mu a tafkin Kalmalo, na fito da hulata bisa kai. Sai kuma harsashi, wanda zancensa ne zan ba ku.

Wata Lahadi da hantsi, shekara uku ke nan, na bi hanyar Tozai in tarbo shanun Boyi. Boyi ɗan Maccido ne, Bafillace, ni ne mai masaukinsu tun zamanin ubansa. In sun kawo dabba kasuwa hannuna take sauka, ni ke yi mata ciniki, zaurena suke hutawa. Maccido ya daɗe da rasuwa, Boyi ya gaji sanda da garke. Munka haɗu da shi, muna tafe tare da wasu 'yan kasuwa sai 'yan bindiga sunka fito daga cikin gero bisa babura. Mutum bakwai sunka kashe nan take, har da Boyi. Ni harsashi ya shiga cinyata ta hagu ya fita ta baya, na kwanta cikin gero na riƙe numfashi kamar gawa har sunka kora shanun. Daga nan sunka wuce rugar su Boyi sunka kwashe abin da ya saura.

Kwana biyu ina asibiti sai ga ma'aikatan gwamnati su biyu da ƙaton littafi. Mamatan an rufe su tun ranar kafin la'asar, babu mai katin shaida a aljihu. Sunka tsaya tsakiyar ɗaki sunka ce wa ya san su. Na ɗaga hannu daga kwance. Na jero mutum bakwai, kowa da ubansa da uwarsa da ƙauyensu, ban tsaya shan iska ba. Mai yi mana allura ta tsaya da allura a hannu tana kallona. Masu jinya na cewa wanga tsoho kansa rediyo ne. Boyi na bari a ƙarshe. Na ce, "Boyi Maccido, uwarsa Fati." Anka rubuta, anka miƙo tawada, na dangwala.

To Fati ba ita ta haifi Boyi ba. Kakarsa ce, uwar Maccido. Ranar yaye ta ɗauke shi kamar yadda ake yi da ɗan fari, ita ta goya shi har ya riƙe sanda, duk kasuwa Boyi na Fati ake ce masa, ko bayan ta rasu. Wadda ta haife shi Hadijatu ce. Shekara talatin da wani abu ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa duban fuskarsa gaban mutane ba. In ya kawo mata hatsi sai ta juya baya ta ce wa iska, "A gaya wa wancan an gani." Haka kunyar ɗan fari take a wurinsu, a wurinmu ma haka take, sai dai tasu ta fi ƙarfi. Na san duk wannan. Bakina ne ya bi hanyar da ya saba.

Bayan wata huɗu gwamnati ta fito da tallafi. Wanda ya ji rauni a ba shi nasa sau ɗaya, uwa ko matar wanda aka kashe a riƙa ba ta abin cefane duk wata da buhun hatsi har ƙarshen ranta. Ni na karɓi nawa. Gidaje shida sunka fara karɓa. Boyi bai da mata, sun rabu tun kafin abin, ba su haihu ba. Mutanen rugarsu kuwa sun watse, sun tsallaka Nijar can bayan Ƙwanni, kowa ya kama gabansa. Hadijatu kaɗai ta ƙi tafiya, ta ce ba ta barin ƙasar da aka rufe wancan. Ta dawo gari, wata mai abinci ta ba ta rumfa bayan tasha, tana dama furar wasu da nonon shanun wasu, a ba ta abin da za ta ci.

Ta tafi ofishin tallafi da ƙafarta. Ma'aikacin ya ce, "Inna, mi ne sunan ɗan naki?" Ta ja mayafi ta rufe baki. Ya sake tambaya, ta dubi ƙasa. Ya duba littafi, suna ɗaya ne ya saura ba mai karɓa, ya ce, "Nan an rubuta uwar Boyi Fati ce. Ɗanki ne ko ɗan Fati?" Ta ce, "Na Fati ne." Abin da ta saba faɗa ke nan tun yana goye. Ya rubuta abin da ya ji, ya buga hatimi, ya ce mai bi mata ya matso.

Shekara guda tana zuwa ana cewa an rufe zancen. Sannan wata yarinya lauya mai suna Shahida, cikin masu tsaya wa talaka kyauta, ta ji labarin wurin mai abincin, ta kai ƙara kotu a sake duba hukuncin hukumar tallafin. Ita ta zo zaurena da Hadijatu a bayanta. Hadijatu ta durƙusa bakin ƙofa ta ce, "Baffa Yari, ina wuni." Haka take kirana tun tana amarya.

Shahida ta ce, "Baba, shaida biyu gare ni, kai da ita. Abin da nake so gare ka kaɗan ne. Ka ce ranar kana kwance da rauni, ka yi kuskure."

Na ce, "Ɗiyata, ni da na yi ciniki da Buzaye da Yarbawa da mutanen Kano duk rana ɗaya, alƙali ne zai gagare ni? Ki je ki kwanta, an gama."

Ta juya ga Hadijatu. "Inna, ke kuma dole ki faɗi sunansa da bakinki. Gwada mini yanzu, daga ni sai Baba."

Hadijatu ta gyara mayafinta. Can ta ce, "Sau ɗaya zan faɗa. In na faɗa nan, can ba ni da shi."

Shahida ta yi, ta yi, ta haƙura.

Ranar shari'a munka shiga mota da sassafe zuwa birni. Na sa babbar rigata ta shadda mai ruwan ƙasa, na ɗauki sandar da nake dogarawa tun harbin. Hadijatu ta sa zanen da ta aro. Tun daga Illela har munka sauka leɓenta na motsi, na ɗauka tasbihi take. Ɗakin kotun cike yake da masu jiran tasu shari'ar. Lauyan hukuma wani siririn yaro ne mai tabarau, sunansa Bashar. Da na ji Hausarsa na gane ɗan ƙasarmu ne, daga baya anka ce mini mutumin Gidan Katta ne.

Hadijatu anka fara kira. Anka rantsar da ita, Shahida ta yi mata tambayoyi masu sauƙi, shekarar aurenta, inda rugarsu take, ta amsa da murya ƙasa-ƙasa. Sai Bashar ya miƙe, ya gaishe ta da Fillanci, har ta ɗan ɗago kai.

"Inna, kin ce wa ma'aikacinmu yaron na Fati ne. Kin faɗi haka?"

"Na faɗa."

"Yau kuma kin ce naki ne."

Ta sunkuyar da kai.

"Ba komai, Inna. Uwa dai ta san sunan ɗanta. Faɗa wa kotu sunansa, da ƙarfi, na baya su ji."

Ta ja mayafi. Alƙali ya ce ta buɗe bakinta, mai rubutu bai jin magana ta cikin tsumma. Ta sauke. Ta dafa katakon da ke gabanta. Wani daga baya ya yi dariya, ya ce Fillo an zo wurin. Bashar bai hanzarta ta ba, ya cire tabarau yana gogewa da gefen rigarsa. Na ga gumi na bin wuyanta. Ni da na ga an yanka shanu dubu ban kau da kai ba, ranar nan na dubi silin.

Ta ce, "Attahiru."

Shahida ta ɗago kai da sauri daga takardunta. Bashar ya mai da tabarau, ya ɗauki littafi ya karanta a hankali, "Boyi Maccido." Ya juya shafi gaba da baya kamar mai neman wani abu. "Ya mai shari'a, babu Attahiru cikin mutum bakwai ɗin nan."

Sunan yanka ta faɗa, wanda liman ya raɗa masa ranar suna aka yanka rago a kai. Boyi kuwa laƙabi ne da kakarsa ta sa masa, ya bi shi har kabari. A wurin Hadijatu, mutum ya rantse da Alƙur'ani aka ce ya faɗi suna, to sunan gaskiya zai faɗa. Shahida ta miƙe ta ce, "Inna, mutane fa, da wane suna suke kiransa?"

Hadijatu ta mai da mayafinta. "Na faɗa sau ɗaya."

Alƙali da kansa ya tambaye ta har sau biyu, ba ta ƙara buɗe baki ba. Anka ce ta sauka.

Sai anka kira ni. Mai rubutu ya karanta daga katina, "Sufyanu Ibrahim." Na tsaya ina waige, don tun rasuwar innata ba wanda ya kira ni haka. Na hau da sandata, na rantse. Shahida ta ce wa ya haifi Boyi, na ce Hadijatu matar Maccido, ga ta can zaune. Ta ce to mi ya sa na ce Fati, na ce haka ake kiransa. Ta zauna tana dubana, kamar mai jiran in ƙara wani abu. Na ga ai na faɗi abin da ya isa.

Bashar ya taso yana murmushi, ya ɗan rusuna.

"Baba Yari. Ubana ya sha ba mu labarinka. Ya ce a karar Illela ba a yi mai riƙe suna kamarka ba."

Na ce, "Ubanka mai gaskiya ne. In ka nuna mini maraƙi yau, shekara goma in ya dawo zan gaya maka uwarsa da garken da ya fito."

Mutane sunka yi dariya, irin wadda dillali ke so. Alƙali ma ya ɗan murmusa.

"Ka taɓa kuskuren sunan mutum?"

"Ko na saniya ban taɓa ba."

"Amma ranar nan kana kwance da harbi, Baba. Jini ya zuba, ga allurai. Ba abin kunya ba ne in kanka ya juya. Tsufa ma ga shi." Ya dubi mutane, ya dawo gare ni. "Sai dai in kanka ya juya, takardar nan duka ta faɗi, don bakinka ne kaɗai a cikinta. Sai mu tsai da na gidaje shidan nan mu sake bincike daga farko. Har da naka da ka karɓa. To gaya wa kotu, hankalinka ɗaya ranar, ko harsashi ya ruɗa ka?"

Ku da ke karatu za ku ce kalma ɗaya ce. Ku ba dillalai ba ne. Dillali bai da shago, bai da garke, bakinsa ne jarinsa. In na ce saniyar nan ta haihu biyu, mutum daga Legas zai biya bai buɗe bakinta ba, don Yari ne ya faɗa. Cikin ɗakin nan na hango mutum uku da na sani a kasuwa. In na ce kaina ya juya, kafin Lahadi zancen ya riga ni isa kara. Ga kuma mata shida da ke cin hatsin nan, na san ƙofar kowacce. Na dubi Hadijatu, kanta na ƙasa.

Na ce, "Yaro, harsashi ya huda cinyata, bai hau kaina ba."

Anka yi dariya sosai, har ɗan sandan kotu ya ce a yi shiru. Shahida ta rufe ido.

"Madalla. Ke nan da cikakken hankali ka ce uwarsa Fati, ka dangwala."

"Haka ake kiransa, na gaya maka."

"Ba a tambaye ka yadda ake kiransa ba, an tambaye ka uwarsa. Abu ɗaya ya saura, Baba. Kai da ka san gidan Maccido tun kafin a haife ni, ka taɓa jin wani Attahiru a gidan?"

Shekarar da aka haifi Boyi ina Agadas wurin fataucin raƙuma, ban ci naman sunansa ba. Na dawo na tarar ana ce masa Boyi. Na rantse da Alƙur'ani, kuma ni ban yin ƙarya bisa rantsuwa. Na ce, "Ban taɓa ji ba."

Ya ce, "Na gode, Baba," ya zauna.

Alƙali bai ja dogon zance ba. Ya ce shi ma ya san al'ada, ba daga sama ya faɗo ba. Amma aikin da ke gabansa shi ne ya duba ko hukuma ta yi kuskure bisa abin da aka ba ta. Mai ƙara ta ce wa hukuma ɗan na Fati ne, a gabansa kuma ta kira sunan da babu shi cikin mamata. Shaidarta ɗaya ya zo da magana biyu, ya kuma rantse ta farko da cikakken hankali ya yi ta. Hukuncin hukuma ya zauna. Ya buga katako, anka kira shari'ar wasu masu rigimar fili.

A waje ina neman inuwa sai ga Bashar da goro fari guda biyu a tafin hannu. Ya ba ni da hannu biyu.

"Baba, ka burge ni. Ni ma ɗan fari ne, ka sani. Har yau innata ba ta kiran sunana. Da na ga takardar nan na san inda za ta tsaya."

Na ce, "To mi ya sa ka matsa mata?"

Ya ce, "Aiki ne, Baba." Ya shiga motarsa. Goron mai kyau ne, na ci ɗaya na sa ɗaya aljihu.

Shahida ta wuce ni kamar ba ta gan ni ba. Ta ce wa Hadijatu za ta nemi limamin da ya raɗa sunan ko wani daga rugar, a ɗaukaka ƙara. Limamin ya rasu shekara ashirin da sunka wuce. Ta aika Nijar sau biyu, ba wanda ya yarda ya tsallako ya tsaya gaban alƙali. Wa'adin ɗaukaka ƙara ya wuce, ita kuma anka mai da ita aiki wani gari.

Labari ya riga mu isa Illela. Matan Fulani masu tallan nono bakin tasha sunka daina zama kusa da Hadijatu. In ta wuce sai ɗaya ta ce wa 'yar'uwarta, "Ga wadda ta kira ɗan fari gaban maza don buhun gero." Ɗayar ta ce, "Ina geron?" Su tuntsire. Masu ba ta nono ta dama sunka rage. Mai abincin ce kaɗai ta bar ta cikin rumfar.

Lahadi ta zagayo ina tsakiyar kara, hannuna cikin hannun wani Alhaji daga Kano muna ciniki ƙarƙashin riga, sai na ga maza na darewa. Hadijatu ce, ba mayafi bisa bakinta, ta ratso shanu da dillalai har ta tsaya gabana. Ba ta durƙusa ba.

Ta ce, "Sufyanu."

Duk kara ta juyo. Mace, matar baƙona Maccido, ta kira ni da sunan da uwata kaɗai ke da ikonsa.

"Sufyanu, tunda kai ba ka mantuwa, riƙe wanga. Attahiru. Ni na haife shi."

Ta juya ta tafi. Na ce wa Alhajin ta samu taɓin hankali, munka ƙarasa cinikinmu, kuma na sayar masa da san da tsada.

Lahadi ta gaba ta dawo, ta faɗi abin nan dai, ba ƙari ba ragi. Haka ta gaba. Ƙananan dillalai sunka fara yi mini da baki in na juya baya, Sufyanu, Sufyanu. Na kama ɗaya da sanda, sauran sunka shiga hankalinsu. Na aika mata da tiya biyar ta gero, ta maido da ita ko ɗaurin buhun ba a kwance ba. Na aika da zane, ta ba mai abincin ta yi tsumman tukunya da shi. Na yi nawa.

Wata bakwai tana zuwa. Kullum tana ƙara ramewa, har ya zama sai ta dafa turken shanu kafin ta yi magana, amma muryar ba ta ragu ba. Wata Lahadi cikin damina ba ta zo ba. Na yi ciniki uku ranar, ina yi ina duban ƙofar kara. Da la'asar mai abincin ta aiko cewa an same ta cikin rumfa ta cika, ruwa na zuba bisa ƙafafunta.

Mu goma sha ɗaya munka yi mata salla, yawanci 'yan tasha. Liman baƙo ne, bai san ta ba. Ya juyo ya ce wace ce, don ya yi mata addu'a da suna. Kowa ya dubi ɗan'uwansa, sannan duk sunka dube ni, don an san wanda ake tambaya irin wannan a Illela.

Na ce, "Hadijatu matar Maccido, uwar Attahiru."

Na faɗa daidai, da ƙarfi, na baya ma sun ji. Babu mai biro a wurin. Munka rufe ta kafin ruwa ya sake saukowa, na dogara sandata na koma kara, don akwai wani Buzu da ke jirana da bijimai biyu, kuma ya ce ba ya sayarwa sai a hannun Yari.